Wanda Ke Kashe Shuɗiyar Fitila

Wannan babin naku ne, ke Zara da kai Modu, da ƙannenku da ba su yi wayo ba a lokacin. Na san yadda ake ba da labarin a cikin dangi, cewa ubanku ya sa hula ya tafi Azare a makon da unguwa ta fi shiga tsanani, ya bar mace da yara. Tafiyar gaskiya ce, ba na musunta. Amma akwai abubuwan da suka zo kafinta, kuma ni ban iya faro magana daga tsakiya ba. Zan ɗauko ta daga tushe in bi ta yadda ta zo. Ba na yi muku alkawarin za ku gane komai, domin ni da na yi abin da hannuna akwai wuraren da har yau suke min duhu.

A shekarun nan ina gadi da kula da janareta a wani ɗakin gwajin jini a Bulumkutu, na wata Hajiya mai mutunci, muna zaune a ɗakunan bayan ginin. Can ƙuryar ginin akwai wani ɗaki mara taga mai ƙofar ƙarfe, a cikinsa akwai na'ura mai faɗi kwance cikin keji. Sakamakon gwajin duk wanda ya taɓa zuwa wurin a cikinta yake. Masu aiki suna ce mata saba, ni kuwa babbar na'ura nake ce mata. Wanda ya kafa ta shi ne Obinna, ɗan Papa mai kayan famfo. A Maiduguri aka haife shi, Hausarsa da Kanurinsa ba su da maraba da namu, kuma tun yana ɗan makaranta yake ce min Ba Bukar, wato Baba Bukar. Ranar da ya gama haɗa ta ya kira ni ya nuna min wata siririyar waya a bayanta, dabam da sauran, wadda ta bi bango ta hau har wurin dish ɗin da ke kan rufi.

"Ba Bukar, wannan kada kowa ya taɓa ta. A cikin cikin babbar akwai wata ƙarama, ita ba ta barci. Ko an kashe babbar, muddin akwai wuta a batir, ita idonta biyu."

"Aikinta me?"

"Aikinka take yi. Kowa ya tashi, ita tana gadi. Tana da shafi nata na kanta, daga duk inda nake a duniya in na buɗe shi na sa kalmar sirri, zan ga ko ɗakin ya yi zafi, in kunna babbar, in kashe ta."

"Kana Legas ka kunna abin da ke Bulumkutu?"

"Ko ina Makka."

"Kai me zai kai ka Makka?"

Ya yi dariya, ya nuna min sauran abubuwa biyu a gabanta. Ɗaya ɗan gilashi ne mai tsawon yatsa da rubutu ke gudu a kansa. Ɗayan maɓalli ne, in an danna shi sai wata shuɗiyar fitila ta kama. Ya ce an yi fitilar ne domin inda na'urori suke da yawa, mai gyara ya gane wadda ake nufi, kuma in an danna shi ma zai gani a shafinsa. Na ce mu da muke da ƙwaya ɗaya ba mu da bukatarta. Ya ce haka ne.

Bayan haka gari ya lalace. Ba sai na ba ku labarin wannan ba, da kunnenku kuka ji. Masu aiki suka watse ɗaya bayan ɗaya, Obinna ya samu aiki a Legas ya tafi, Hajiya ta rufe wurin ta koma Kano wajen 'yarta. Umarnin da ta bar min a bayyane yake: a kashe babbar na'ura, a daina tada janareta, a bar sola da batir da dish yadda suke, ko Allah zai kawo sauƙi a buɗe. Haka na yi. Shi kuwa Papa, mahaifin Obinna, ya ƙi motsawa. Ya zo garin nan tun ina saurayi, a nan aka binne matarsa, ya ce shi ba a sa shi gudu da tsufa. Layi biyu ne tsakanin gidansa da namu. Sannan aka wayi gari an yanke sabis na waya gaba ɗaya. Jirgin fasinja ma ya daina sauka. Wanda ke waje bai san halin na ciki ba, kuma hanya ɗaya ta rage ta shigowa, ta Damaturu, wadda kowa ya san abin da ake yi wa matafiya a kanta.

Al'adata ce kullum da safe in buɗe ɗakin ƙarfe in duba batir, ko da ba wanda zai tambaye ni. Wata safiya, ba a daɗe da yanke waya ba, na ga ɗan gilashin nan yana gudu da rubutun da ba irin nasa ba. Na sa tabarau na durƙusa. Karatuna na firamare ne, amma wannan da Hausa aka rubuta, da manyan baƙaƙe. Cewa ya yi, Ba Bukar in Papa lafiya danna bulu. Na tsaya ina kallo har ya zagayo ya sake wucewa. Na san Papa lafiya yake, na gan shi shekaranjiya, amma ban danna ba. Abin da aka gani shekaranjiya ba shaida ba ce a garin da muke ciki. Na kulle ɗakin, na taka har gidansa, na same shi yana wanke baki a bakin rariya, na dawo na buɗe na danna. Fitila ta kama. Kafin azahar ta mutu da kanta, rubutu ya sake. Cewa ya yi, na gani na gode, kullum haka, ranar da ban ga bulu ba zan taho.

Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta ɗaure ni, ku riƙe ta da kyau. Saurayi mai suna Obinna a kan hanyar Damaturu a wannan shekara, ba na son in rubuta abin da nake gani in na rufe ido. Tun daga ranar na ɗauka cewa aikina na gaskiya shi ne in hana yaron nan hawa hanya, kuma abin da nake da shi na yin wannan aiki maɓalli ɗaya ne.

Na tsara abin yadda ba zai karkace ba. Da farko salla. In dokar hana fita ta ɗaga, in tafi gidan Papa in gan shi da idona, ba in ji daga bakin maƙwabci ba. Sannan in dawo in duba batir. Sannan in danna. Bayan azahar in koma in tabbatar ta mutu, alamar ya gani. Papa ya mayar da zuwan nawa abin tsokana.

"Malam Bukar, ka zo duba gawa?"

"Na zo duba maƙwabci."

"To ga ni, ban mutu ba. Je ka danna wa yaronka. Ka faɗa masa na ci tuwo, kuma na yi faɗa da mai ruwa."

"Fitilar ba ta faɗin tuwo, Papa."

"Ashe na'urar banza ce. Duk karatun da na biya masa."

Haka muka yi ta yi har damina ta kama. Wani lokaci rubutu kan zo da tambayar da maɓalli ba ya iya amsawa, kamar ko yana shan maganinsa, ko ya rame. Ni kuwa e kawai gare ni, ba ni da a'a, ba ni da wataƙila. Sai in danna, in bar sauran ga Allah. Daga baya rubutun ya tsaya a kan tsohon saƙo, bai ƙara sakewa ba. Na ce ko aiki ne ya yi masa yawa. Tunda fitila tana mutuwa, ai yana gani.

Da damina ta yi nisa abin ya fara rikice min. Wata rana bayan la'asar, uwarku Falmata tana wanki a tsakar gida, sai muka ji gurnani daga cikin ginin kamar an tada mota a ɗaki. Na buɗe na tarar babbar na'ura ta tashi, fankokinta suna ihu, ba wanda ya taɓa ta. Na ce to, Obinna ne yake wani aiki, ai ya faɗa min yana iyawa. Amma ta kwana ta wuni, batir ya fara kukan ƙarewa. Na kashe ta da maɓallin gaba yadda aka koya min. Ban kai ƙofa ba ta sake tashi. Na sake kashewa, ta sake tashi. Ɗan gilashin kuma ya cika da baƙaƙe da lambobi a cakuɗe. Na kira ka, Modu, tunda ka gama sakandare.

"Baba, wannan ba Turanci ba ne."

"To wane yare ne?"

"Ba yare ba ne. Ba komai ba ne."

"Ba a rubuta ba komai. Wani ne ya rubuta."

Fitilar ma ta sake hali. Da can sai wajen azahar take mutuwa. Yanzu wata rana ina ɗaga yatsa za ta mutu, wata rana ta kai yamma, wata rana na'urar duka ta yi shiru ta ɗauke numfashi sannan ta dawo ba fitila. Na rasa yadda zan fassara. In Obinna ne, me ya hana shi rubuta min kalma ɗaya, shi da bai taɓa fara saƙo ba sai da sunana? In ba shi ba ne, wa ke da kalmar sirrin? Kuma in wani ne, wa nake gaya wa kullum da safe cewa akwai tsoho a Bulumkutu yana lafiya? Nakan zauna a kan bokiti a ɗakin nan ina kallon abin, ina jera tambayoyin ko ɗaya za ta ja amsar ɗaya, ba wadda ta ja. Duk da haka ban fasa dannawa ba, domin in shi ne kuma na fasa, zai taho.

A cikin wannan hali labari ya bazu cewa za a bi gida gida ana neman duk abin da ake magana da waje da shi, domin an ce mutanen daji suna da wayoyin da ba sa bukatar sabis. Bulaman unguwa, wanda muka yi makarantar allo tare, ya zo da kansa bayan sallar Juma'a. Ya ƙi shiga, muka tsaya a inuwar katanga.

"Bukar, mutane suna cewa inji yana tashi a gidanka ba ka kunna ba. Ga dish a kan rufi. Da wa kake magana?"

"Da Obinna ɗan Papa."

"Ka ji muryarsa?"

"A'a."

"Yaushe rabon da ya rubuto abin da ka karanta ka gane?"

Na fara lissafi da yatsu, bai jira na gama ba.

"To da wa kake magana, Bukar? Ni da na san ka na tambaya ka kasa. Waɗanda za su zo ba su san ka ba, kuma ba a inuwa za su tambaye ka ba."

Ya tafi. Uwarku duk ta ji daga bayan ƙyaure. Falmata ba mace ce mai ɗaga murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta bari na ci abinci na wanke hannu, sannan ta zauna a bakin tabarma.

"Malam, ina da ɗa mai shekarun da ake ɗauka."

"Na sani."

"Papa ma yana da ɗa, na sani. Amma nasa yana Legas, nawa yana ɗakin nan. Ka cire wayar."

"In na cire, gobe ba zai ga fitila ba. Jibi yana hanya."

"In shi ne ke gani."

"In shi ne."

Kai Modu ka ce a ba direba saƙo. A lokacin haka ake yi, mutum ya rubuta saƙo a wayarsa ya ba mai mota, in ya fita inda akwai sabis saƙon ya tafi da kansa. Na yi tunanin wannan kafin ka faɗa. Amma direbobi suna ɗaukar wayoyin mutane da yawa, wasu a shinge ake karɓe su, wasu direban ba ya dawowa da wuri, kuma ba mai tabbatar maka saƙo ya isa. Ko ya isa, na san yaron. In ya ga fitila ta ɗauke sannan ya ga rubutu cewa kada ya damu, rubutun ne zai ƙara tada shi. Ba abin da zai tsayar da shi sai muryar wanda yake jin nauyinsa. Ke kuwa Zara kina ta kallon fuskata, ina jin ke kaɗai kika gane inda maganar ta dosa.

Da safe na je wurin Papa kamar kullum na faɗa masa abin da Bulama ya ce. Bai yi gardama ba ko kaɗan. Ya ce in cire, gidana ne, iyalina ne. Ban faɗa masa zan yi tafiya ba, na ɗauka zai hana ni saboda tausayina. Na dawo na danna maɓallin, tunda na gan shi kuma lafiya yake. Sannan na zare siririyar wayar. Sannan na cire wutar batir, ɗakin ya yi tsit. Sannan ni da Modu muka sauke dish muka kife shi a bayan sito. Na ba uwarku makullin ɗakin ƙarfe na ce duk wanda ya nema ta buɗe masa kada ta yi jinkiri. Na ce mata kwana ɗaya zan yi. Ta ce Allah ya tsare, ba ta ƙara ba. Na hau keke napep zuwa tasha.

Ba zan tsawaita kan hanya ba. A kowane shinge ana sauka a ɗaga hannu a taka a ƙafa. Tsakanin shinge da shinge ba mai magana, direba yana gudu kamar ana bin sa, a gefen titi ga motocin da suka ƙone, wasu fentinsu bai gama baƙi ba. Mun wuce Damaturu, mun wuce Potiskum, waya shiru. Sai da muka shiga ƙasar Bauchi, rana ta karkata, wayoyin duk motar suka ɗauki kuka a lokaci guda, saƙonnin watanni suna shigowa. Direba ya tsaya a gindin wata bishiya inda motoci suka saba tsayawa. Mutane suka bazu cikin gona kowa da waya a kunne. Wata mata kusa da ni ta durƙusa tana kuka, ban san ko na daɗi ba ne. Na kira Obinna. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Ba Bukar? Papa?"

"Lafiya yake. Da idona na gan shi yau da safe. Kana ina nake jin hayaniya?"

"Ina tashar Bauchi. Gobe da sassafe zan shigo."

Na zauna a kan kunyar gona. Na ce yau ɗin nan na cire wayar, kuma sai da na danna kafin in cire, ta yaya ya riga ya iso Bauchi? Ya ce wace dannawa? Rabonsa da ganin shafin tun farkon damina. Ya wayi gari kalmar sirri ta ƙi shiga, an sake ta. Ya gwada duk dabarar da ya sani. Ya jira ko waya za ta dawo, ya nemi direbobi bai samu wanda ya san Papa ba, da ya ga abin ya ƙi ƙarewa ya ɗauki hutu ya taho.

"To wa ke kashe fitilar?"

"Wataƙila ba kowa, Ba Bukar. Shafin nan ƙofarsa a kan titin duniya take, kuma tsohon tsari ne, yana da rami. Akwai na'urorin da aka saki suna yawo suna tura ƙofofi, wadda ta buɗu su shiga su sa babbar ta yi musu aikinsu. In ƙaramar ta farfaɗo sabo, fitila takan mutu da kanta."

"Wa ya sake su?"

"Ban sani ba. Wani a wata ƙasa. Mai yiwuwa bai ma san akwai garin da ake kira Maiduguri ba."

"Amma yana ganin na danna?"

"Ba na jin akwai mai kallo."

Har yau wannan maganar ba ta zauna min ba. Na fahimci ɓarawo, na fahimci maƙiyi. Ban fahimci a shiga ɗakin da nake gadi, a tada inji, a jawo min idon unguwa, kuma a ce ba mutum a ciki ba. Wata da watanni ina tashi da safe ina kai shaida, ina komawa bayan azahar ina karɓar amsa, ashe ba mai tambaya ba mai amsawa. Amma ba wannan ya fito da ni ba, saboda haka na ajiye shi gefe na koma kan abin da na zo yi.

"Ka koma Legas."

"Ba Bukar, na riga na zo nan. Kai ma ai ta hanyar ka biyo."

"Ni tsoho ne, sunana Bukar. Kai saurayi ne, sunanka Obinna. Duk shingen da ka tarar, na gwamnati ko wanda ba na gwamnati ba, kai za a fara saukewa. Ubanka yana ci yana sha yana faɗa da mai ruwa. Ka koma."

"Kwana biyu kawai zan yi, in gan shi."

"Ban bar iyalina na biyo wannan hanya don mu yi ciniki ba. Tashi ka je layin motocin kudu. In ka shiga ka ba direban waya."

Ina jin numfashinsa a waya. Sannan na ji yana tafiya. Ban kashe ba har sai da wani mutum mai kaurin murya ya ce min e, Baba, motar Legas ce, yaronka yana kujerar baya. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Na kwana a Azare da niyyar juyowa da safe. Da safen aka ce an yi ɓarna a hanya an rufe ta. Kwana ɗayan da na faɗa wa uwarku ya zama abin da kuka sani. Ina kwana a masallacin tasha, kullum in je layin motocin Maiduguri a ce tukuna. Waya tana hannuna da sabis cike, duk duniya zan iya kira ban da gidana. A cikin waɗannan kwanaki aka zo bincike Bulumkutu. Uwarku ta buɗe ɗakin ƙarfe, suka haska suka ga na'ura a mace, suka fita. Amma an fitar da samarin layi duka an zaunar da su a rana tun safe, har da kai Modu, kuma ke Zara ke kika tsaya a bakin titi da buta kina jira ko za a bari ki miƙa masa ruwa. An sako shi da yamma. Ba ni nan. Wannan ba abin da zan rubuta da zai sa in kasance ina nan, kuma ban nemi ku daina jin abin da kuke ji ba. Na dai so ku san inda nake da abin da ya kai ni.

Da aka buɗe hanya na dawo a motar farko. Uwarku ta tambaye ni abu biyu, ko na same shi, ko ya koma. Na ce e. Ta kawo min ruwa. Na huta kaɗan na tafi gidan Papa ina ganin na kai masa albishir. Na same shi zaune a kan benci yana warware wani tsohon famfo. Na ba shi labari daga farko, yadda aka ƙwace shafin, yadda na fita, yadda na kira. Yana ji yana juya sifana a hannu.

"Har Bauchi ya zo?"

"Har Bauchi."

"Ka mayar da shi."

"Na mayar da shi. Sai da na ji direban da kunnena."

Ya ajiye sifanar a kan benci. Ya daɗe yana kallon ƙofar gidansa.

"Da na ce ka cire wayar nan, na ɗauka zai zo ne. Ni ba zan iya ce masa ya zo ba, ni ubansa ne, na san hanyar. Amma da ya zo da kansa..." Ya juyo ya dube ni. "Malam Bukar, wa ya aike ka?"

Na buɗe baki in jera masa dalilaina ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda na jera muku su a nan. Ban samu na farkon ba.

Daga baya aka dawo da waya, uba da ɗa suka riƙa magana kowace Lahadi. Hanya dai ba ta gyaru ba, kuma duk lokacin da Obinna ya ce zai zo, Papa da bakinsa yake ce masa ya bari tukuna. Da zafi ya shigo ciwon ƙirji ya kwantar da Papa, bai yi doguwar jinya ba. Lokacin jirgi ya fara sauka jefi jefi, Obinna ya samu kujera ya zo ɗaukar gawa. A ƙofar asibiti ya rungume ni a gaban mutane, ya ce wa 'yan uwansa ga mutumin da ya ceci ransa. Ban ce masa e ba, ban ce masa a'a ba. Na taya su ɗaga akwatin.